Daga Jar Akuya zuwa Waken Samaru: Tarihin Gyaran Iri a Kwarin Maraɗi

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi da hantsi, ko ya bi hanyar Tibiri ko ta Jiratawa, zai ga jar akuya ɗaure a turke, gajeriya, gashinta kwance yana sheƙi kamar an shafa mata mai. Mutane da yawa sun ɗauka haka garkunan ƙasar suke tun fil'azal. Asalinta dai na nan ne, daga kwarin Maraɗi har ƙasar Sakkwato, amma yadda ja ya rinjayi baƙi da fari a hannun matan karkara aikin mutane ne, an kuma yi shi da umarnin hukuma da ƙarfen dandaƙa. Na fara da ita ne don yau ana ta muhawara kan irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wanda rediyon Nijar ke kira OGM, na ƙetaren iyaka kuma GMO, ana maganar kamar ba a taɓa sa hannu cikin irin Maraɗi ba sai yanzu. An sa, ba sau ɗaya ba. Abin da tarihin ya nuna shi ne, a kowane karo ribar talaka ko asararsa ta rataya ne ga wanda ya zaɓi halin da za a gyara, da wanda irin ya zauna a hannunsa, da kuma ko an gwada abin a ƙasar kafin a baza shi. Da wannan ma'auni nake ganin ya kamata a auna sabon waken da ya fito daga Zariya.

Masu gyaran iri na farko a kwarin manoma ne. Kafin Katsinawan da jihadi ya kora su kafa sarautarsu a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, kafin Gobirawa su kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, akwai dangogin manoma a bakin Gulbi masu sarkin nomansu, wanda ba ya samun wannan suna sai ya tara dami dubu ya yi biki ya rabar. Da kaka maigida yakan bi gona ya ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ɗaure ta daban, ya sa can ƙuryar rumbu inda hannun mai daka ba ya kaiwa ko da yunwa ta matsa. Daga wannan zaɓe na shekara da shekaru aka samu zango da sauran ire-iren hatsin da kowa ya san ƙasar da yake so. Manomin ya kuma san iri yana yawo. Iska tana ɗaukar bununin hatsi daga gona zuwa gona, har ta haɗa shi da danginsa na daji, abin da ke haifar da shibra, wadda ke kama da hatsi tana ƙarama sannan ta kakkaɓe ƙwayarta ƙasa tun ba a girbe ba. Wanda ya saba tuge shibra a gonarsa ba sai an yi masa dogon bayani kan yadda hali ke tsallakawa daga shuka zuwa shuka ba.

Da Faransawa suka zo, abin da ya ja idonsu ga akuya fatarta ce. Tun da daɗewa fatun jar akuya na ƙasar Hausa suna ƙetare Sahara, a sayar da su a Turai da sunan fatar Maroko, a yi safar hannu da bangon littafi da su, don laushinsu da ƙarkonsu. Ma'aikatar dabbobi ta mulkin mallaka ta ɗauki hanya mai sauƙi: a dandaƙe duk bunsurun da ba ja ba ya zama taure, a bar jajaye su yi ta barbara, a kai su ƙauyukan da babu. Bayan samun ƴancin kai aka ci gaba, aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a farkon shekarun 1960, kuma a 1967 likitan dabbobi Robinet ya wallafa dogon nazari kan matsayin wannan akuya a tattalin arzikin Nijar. To, wa ya zaɓi launin? Mai sayen fata a Turai. Matar da ke kiwon ba launi ne damuwarta ba, ita tagwaye take so da nonon da za ta dama wa yaro fura. An yi sa'a jar akuya tana da waɗannan halaye, shi ya sa ta karɓu, har ƙungiyoyin mata irin na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suka mai da ita asusun ajiya. Amma a 2002, da Hamani Marichatou da abokan aikinsa suka gwada ja da baƙa a ƙauyukan Maraɗi, sai suka tarar ba wani bambancin a zo a gani tsakaninsu wajen haihuwa da girma. Ke nan an yi shekaru ana dandaƙe bunsuran da laifinsu kawai launin gashi. Babu wanda ya shiga ɗakin bincike ya taɓa ƙwayar gadon akuya a lokacin, amma an sauya garken ƙasa guda bisa buƙatar kasuwar da ba ta san inda Maraɗi take ba.

Gujiya ta fi akuya ba da darasi mai ciwo. A shekarun 1950 da 1960 ita ce ta gina garin Maraɗi da aka tayar kan tudu bayan ambaliyar 1945, ita ta haifi alhazan Maraɗi na farko, kuma don ita aka kafa kamfanin SONARA a 1962. Hukuma ce ke raba iri, zaɓaɓɓe daga tashoshin bincike, wasu daga Bambey ta ƙasar Senegal, manomi ya karɓa bashi ya biya da kaka. Gonaki suka koma kusan abu guda. Sai fari na 1973 da 1974, sai kuma 1975 cutar kuturtar gujiya, wadda darɓa ke yaɗawa, ta share gonaki daga nan har arewacin Najeriya, inda aka ƙiyasta ta cinye wajen hekta 700,000. Gujiya ba ta sake komawa matsayinta ba, kuma abin da ya maye gurbinta a aljihun manomi shi ne wake. Irin da aka raba ba mugu ba ne. Kuskuren shi ne an jera ƙasa guda a kan ƴan ire-iren da cuta ɗaya ke iya kadawa gaba ɗaya.

A tashar bincike ta Tarna, nan bakin garin Maraɗi, wadda ta fito daga hannun Faransawa ta shiga hannun INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar da aka kafa a 1975, aka yi aikin da ya fi kusa da buƙatar manomi. Daga nan ne hatsin CIVT ya samo sunansa, harafin ƙarshe na Tarna ne. A wannan zamani ne kuma aka baza HKP mai saurin nuna, da waken TN 88-63 da TN 5-78, aka buɗe gonakin ninka iri irin ta Kurungusau. Duk da haka, bayan shekaru kusan 50, mafi yawan hatsin da ake shukawa a Nijar daga rumbun manomi yake fitowa ko daga kasuwa. Wasu malaman gona kan ce taurin kai ne. Ni ban yarda ba. Hatsin da ya riga na maƙwabta nuna shi tsuntsu ke sauka a kai. Gajeriyar zangarniya ba ta ɗauruwa dami yadda aka saba, alhali da dami ake lissafi, da shi ake fitar da zakka. Waken da ya ba da ƙwaya bai ba da harawa ba ya bar akuya da yunwa cikin bazara. Manomi yana gwada sabon iri a gefen gona, in ya ga alheri ya riƙe, in bai gani ba ya watsar, kuma wannan tacewa tasa ita ce ta hana kuskuren masu bincike zama masifa.

Sabon abin da ya shigo duniya daga 1973 shi ne iya ciro ƙwayar gado guda daga wata halitta a dasa cikin wata wadda ba danginta ba. A 1983 aka yi wa shuka haka karo na farko, a 1996 aka fara noman auduga da masara da waken soya irin wannan a Amurka. Ƙwayar da ta shafe mu ta fito ne daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake taƙaita sunanta da Bt. Tana yin wani furotin da ke huda cikin tsutsar wasu ƙwari in sun ci, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Dalilin kai ta cikin wake shi ne tsutsar Maruka. Uwarta ƴar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, tana saka ƙwai a jikin fure; tsutsar ta shige cikin furen ta ci, ta saƙa zare ta liƙe kwanso biyu ko kwanso da ganye, ta huda ta shiga, ta bar kashinta a bakin ramin. Da yake a ɓoye take, feshi ba ya cika samunta, sai a yi ta maimaitawa. A shekara mai muni takan cinye har kashi 80 cikin 100. Cibiyar IITA ta Ibadan ta tantance dubban ire-iren wake ba ta samu wanda ke jure mata sosai ba, wato hanyar barbara da aka saba ta toshe.

Aikin ya ɗauki lokaci. Masanan cibiyar CSIRO ta Ostireliya, ƙarƙashin T. J. Higgins, su suka dasa ƙwayar, wadda kamfanin Monsanto ya bayar ba tare da kuɗin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF. Cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta fara gwaji a killataccen fili a 2009, ta yi ta barbara har halin ya zauna cikin wake mai jure ƙuduji. Hukumar Najeriya mai kula da wannan fanni ta amince a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T a ƙarshen shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Masu shi sun ce feshi biyu ya isa maimakon shida zuwa takwas. Gana ta bi sahu a 2024.

Suka ta farko da ake ji a majalisa ita ce wannan canza halitta ne, kuma wa ya san abin da zai yi wa jiki ko haihuwa. Ba zan raina mai wannan tsoro ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, kuma ƙasar Hausa ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Ba kuma zan ce dasa ƙwayar bakteriya daidai yake da yi wa mangwaro aure ko haifar da alfadari ba. Akwai bambanci na gaske, domin nan an tsallake katangar da barbara ba ta tsallakewa. Sai dai katangar ba ta kai yadda ake zato ba: a 2015 masu bincike suka gano dankalin Hausa da kowa ke ci yana ɗauke da ƙwayoyin gadon wata bakteriya da suka shige shi da kansu tun dubban shekaru. Hukunci kan halacci na malamai ne, kuma ya kamata a zaunar da su a nuna musu yadda abin yake. Game da lafiya kuwa, wajen shekara 30 ke nan ana cin amfanin gona mai Bt a ƙasashe da dama, kuma babban bitar da cibiyoyin kimiyya na Amurka suka fitar a 2016 bai samu shaidar ya fi sauran abinci cutarwa ba. Gubar da muka tabbatar da ita tana wani wurin: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na piya-piya da aka samu a jikinsa, kuma irin wannan waken ne ake yin ƙosai da shi a gida.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta mallaka, kuma masu yin ta suna da Burkina Faso a hannu. A 2008 ƙasar ta karɓi audugar Bt ta Monsanto, ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na gonakin auduga. Tsutsa ta ragu, feshi ya ragu, amma zaren ya gajarce, audugar Burkina ta rasa darajar da aka san ta da ita a kasuwa, kamfanonin auduga suka nemi diyyar sefa biliyan 48, aka watsar da irin a 2016. Idan aka duba da kyau, ƙwayar Bt ta yi aikinta. Abin da ya faɗi shi ne an gaggauta zuba ta cikin irin gida ba a gama mayar masa da halayensa ba, kuma mabuɗin gyaran yana hannun kamfanin waje. Labarin jar akuya ne da gujiya a sabuwar riga. Wake ya bambanta ta fuska biyu: cibiyar gwamnati ce ta fitar da shi, kuma wake kansa yake yi wa barbara, don haka manomi yana iya ajiye iri ya sake shukawa ya fito da halinsa. Maganar irin da ba ya tsirowa karo na biyu dabara ce da aka yi wa rajista amma ba a taɓa sakinta kasuwa ba. Masarar TELA da Najeriya ta saki a 2024 ita kam haɗin aure ce, sai an sayi sabuwa kowace shekara, kamar kowace masara irinta ko da ba a taɓa ƙwayar gadonta ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a yanke wa dukansu hukunci guda.

Suka ta uku daga gonar take fitowa, kuma ita ce ta fi dacewa da Maraɗi. Bt tsutsa kawai yake kashewa. Ba ruwansa da darɓa, ko ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure, ko masu tsotse kwanso, ko ƙwaron da ke mai da wake gari a cikin buhu. Maruka kuma tsutsar ƙasa mai laima ce, daga kudu take haurowa da damina, don haka ribar da manomin Zariya ya gani ba lallai manomin tudun Tibiri, mai samun ruwan da ke kai-kawo wajen milimita 500, ya gan ta ba. Tsutsa tana kuma sabawa da guba: a Afirka ta Kudu tsutsar karan masara ta fi ƙarfin masarar Bt cikin ƙasa da shekara goma. Maganin haka shi ne a bar mata wurin kiwo marar Bt, kuma abin sha'awa, masanin ƙwari Ibrahim Baoua na Maraɗi da abokan aikinsa sun wallafa nazari tun 2011 kan ko zamarke na iya zama wannan mafaka. Ga kuma waken gizo da ke fitowa a bakin gonaki, wanda ke iya karɓar hali daga waken gida kamar yadda shibra ke yi da hatsi, ko da yake ba da yawa haka ba. A gefe guda, Maraɗi ta nuna tana da hanyoyin da ba su buƙatar dasa ƙwaya: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka baza daga 2007, yana shaƙe ƙwaron ajiya ba tare da ɗigon magani ba, da ɗan ƙwaron nan dangin zanzaro da ake kiwo a Tarna a kai ƙauyuka cikin ƴan jakunkuna ya kashe tsutsar zangarniyar hatsi. Duk wannan gaskiya ne. Amma in aka lura, kowace daga cikin waɗannan tambayoyi gwaji ne kawai ke amsa ta, kuma gwajin sai a ƙasar Maraɗi.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Kartahena ta duniya kan GMO a 2004, ta yi dokarta kan haɗurran wannan fasaha a 2019, kuma ba ta cikin ƙasashen da suka saki irin nan ga manoma. Wasu na ɗaukar hakan kariya ce. Daga Maraɗi zuwa iyakar Ɗan Isa da Jibiya tafiyar wajen kilomita 50 ce. Nijar ce ta biyu a noman wake a duniya bayan Najeriya, kuma mafi yawan abin da take fitarwa can yake tafiya, har kasuwar Dawanau ta Kano. Motar da ta kai kaya ba ta dawowa wayam. Dubi Jiratawa, inda aka shimfiɗa hekta 512 na noman rani a farkon shekarun 1980, ana jawo ruwa da lantarki daga rijiyoyin burtsatse. Yau zogale da tumatir da tattasai ne ke rufe fegi-fegi, kuma in ka ɗaga kwalbar maganin da ake fesa musu, sau da yawa rubutun jikinta na Ingilishi ne, ta Najeriya ta biyo, ba kuwa lallai hukumar tantance magungunan ƙwari ta ƙasashen Sahel ta san da ita ba. Iyakar da ba ta tare kwalba mai tambari ba, yaya za ta tare tiya guda ta farin wake da ido ba ya bambanta shi da saura? Rufe iyakar da aka yi a 2019 da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 2023 ba su hana kaya bi ta daji a kan babura ba, ga kuma layin dogo daga Kano da ake ginawa.

Dabbobi su da sauran lokaci. An amince da kifin salmon mai saurin girma a Amurka a 2015, da shanu masu gajeren gashi don jure zafi a 2022, amma babu ɗaya da ya kusanci turken Maraɗi, kuma abin da ke kashe jar akuya yau annoba ce da ƙarancin harawa, waɗanda allura da abinci ke magancewa. Wake shi ne yake bakin ƙofa.

Don haka kirana ga hukumomin noma da na muhalli, da INRAN, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ne kada a fafe gora ranar tafiya. A nemi irin ta hanyar da doka ta tanada, a shuka shi a killataccen fili a Tarna kusa da TN 5-78 da ire-iren gida, damina uku ko huɗu, wani a tudu wani a fadama. A auna ƙwaya, a auna harawa, a ƙirga feshi, a kira manoman ƙungiyar FUMA Gaskiya da matan da ke suyar ƙosai su gani su taɓa, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kafin nan a tattara waken gida na Tibiri da Jiratawa da Madarunfa a adana, kowane da sunansa, a kuma samar da ƴar takardar gwajin nan da ake tsomawa cikin niƙaƙƙen wake ta nuna ko akwai Bt, a ajiye ta a Ɗan Isa da kasuwar hatsi ta Maraɗi. Idan waken ya faɗi jarrabawa, a hana shi da hujja a hannu. Idan ya ci, a zuba halin cikin irin da manoman kwarin suka zaɓa da kansu, iri kuma ya zauna a hannun cibiyar ƙasa da rumbun manomi.